Wane icce ya fi dacewa da yin baka, kuma me ke sa shi karyewa?

Dan_Tudun_Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min. Na jima ina sha'awar koyon harbin kwari da baka, ba don farauta ba, kawai motsa jiki da kuma raya sunna, to da na tambayi kuɗin na waje irin wanda ake gasa da shi sai na ga abin ba na talaka bane, shi ne nace bari in gwada haɗa nawa da hannu tunda kakanninmu ma ba oda suke yi ba. Na samu reshen dogon yaro mai kaurin ƙotar fartanya na ɓare ɓawon na fiƙe bakin nan da nan na ɗaura igiya, da farko yana lanƙwasuwa lafiya lau amma kibiyar ko taki goma bata kaiwa sai ta faɗi, bayan ya kwana biyu ya bushe kuma ina ja sai ji nayi ƙas, ya karye daidai inda wani ƙaramin reshe ya taɓa fitowa, saura kaɗan ya samu idona.

Tambayoyina su ne, wane icce ne maharbanmu ke amfani da shi, gora ce ko me? Ɗanye ake aikinsa ko busasshe? Tsawonsa fa? Sannan ita tsirkiya da me ake yinta, don igiyar shanyar da na saka sai miƙewa take kamar roba. Duk wanda ya san wani abu ko kaɗan ne ya faɗa, Allah ya saka da alheri.

Jikan_Sarkin_Baka:

Wa'alaikumus salam. Ɗan uwa Allah ya tsare gaba, karyewar baka ba wasa bane don akan rasa ido a wajen. Mu gidanmu gidan maharba ne, na tashi na ga ana yi, to zan faɗa maka yadda na gani.

Dogon yaron nan ka barshi da inuwarsa da maganin shawara. Reshensa duk ido ne, ga zarensa a murɗe, kuma ai baƙon icce ne a ƙasar nan daga Indiya aka kawo shi, tsofaffin maharba basu ma san shi a wannan aikin ba. Abin da ake nema shi ne iccen da in ka lanƙwasa shi ka saki zai koma yadda yake da ƙarfi, ba wanda zai zauna a lanƙwashe ba kuma ba wanda zai ɓalle ba. A wajenmu dargaza ake fara nema, sai ɗunɗu in ka samu miƙaƙƙe wanda samunsa aiki ne don shi yawanci a karkace yake fitowa ga ƙaya. Gora ma ana yi da ita sosai, amma gora ta gaske mai gaɓa-gaɓa wadda ta ƙosa, irin mai kaurin nama da ramin cikinta ɗan kaɗan ne ko babu ma. Kar wani ya sayar maka da gwangwala yace ai duk ɗaya ne, gwangwala cikinta ɓargo ne, ta rufin ɗaki ce da gado. Kirya kuma ƙarfi gareta amma nauyi ya mata yawa, a bar wa masu turmi da gawayin maƙera.

Lokacin sara shi ne da rani ko cikin hunturu sanda ruwan jikin icce ya ja baya. Ka zaɓi sanda miƙaƙƙiya wadda ta kai tsayinka ko ta ɗan fi, ba ido, ba inda ƙwaro ya huda, kuma ka duba ɓawon da kyau, in ka ga layinsa yana zagaye sandar to cikin ma a murɗe yake, wuce shi kawai. In ka saro kar ka jefar a rana. Ka shafe bakin nan biyu da kakin zuma ko ka ɗiga kyandir, don ta baki icce ke fara tsagewa, sai ka sa shi a inuwa inda iska ke wucewa. Tsofaffinmu a rufin ɗakin girki suke soke shi, hayaƙi na bugunsa a hankali yana korar ƙwari, wasu har su ɗaure shi jikin wani miƙaƙƙen azara don kar ya karkace wajen bushewa. Wata nawa? Ba wanda ke ƙirgawa, amma wanda aka sara da rani ba a taɓa shi sai wani ranin ya kusa, shi yasa maharbi baya sarar guda ɗaya, yakan ajiye uku huɗu don ya san wasu zasu ɓaci.

In ya bushe sai a sassaƙe da ƙaramin gizago, tsakiya da kauri, ana sirantawa har zuwa baki biyu, daga nan a ajiye gizago a koma karta da wuƙa ko fasasshiyar kwalba. Inda ya ɗan karkace a shafa mai a gasa a kan garwashi, ba a harshen wuta ba, a taka a miƙar. A ƙarshe a yi ta shafa man kaɗanya ana sawa a hantsi yana sha, har sai yayi ja yana ƙyalli.

Hajjo_Kt:

Hhhh to ni dai abin da na sani Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yanzu kuma kuce a jira shekara? Malam Dan Tudun Wada karin magana ya bi, ba laifinsa 😂

Jikan_Sarkin_Baka:

Hajiya ai wancan na mai son icce ya zauna a tanƙware ne, irin mai yin bakin kwando ko sandar makiyayi. Mu kuma so muke ya ƙi zama. In ka ja ɗanye yana koyon lanƙwasa ya riƙe ta, shi ne kika ji yace kibiyarsa bata zuwa ko'ina.

Injiniya_Bash:

Slm. Baba Jikan Sarkin Baka ya gama magana akan zaɓen icce, ni zan ƙara akan wajen da naga yawancin masu farawa ke ɓata aiki, wato karta. Ni ba gado nayi ba, a intanet na koya da kuma ɓata itatuwa.

Ka gane abu ɗaya tukunna. Baka yana da baya da ciki. Baya shi ne gefen da ke kallon abin da zaka harba, ciki shi ne wanda ke kallonka. In ka ja, zaren baya miƙewa yake, na ciki kuma matsewa yake. Icce baya cika karyewa ta wajen matsewa, ta wajen miƙewa yake ɓallewa, kuma duk inda wuƙa ta yanke zaren baya ko da ɗan kaɗan ne to nan zai fara ɗagowa. Saboda haka bayan baka ɓawo kawai zaka cire a hankali ka bar saman iccen yadda Allah ya yi shi, duk wani ragi daga ciki da gefe zaka yi. Idon da naka ya karye a kai ina kyautata zaton ka aske shi ne don yayi sumul, to ido in yana baya ba a aske shi, a bar masa tudunsa, a ma bar masa ƙarin nama a kewaye.

Tsawo kuma yana bin tsawon janka. Matsakaicin namiji yakan ja kamar inci 28, kusan santimita 71 kenan daga hannun riƙo zuwa gefen bakinsa. Ka ninka biyu ka ƙara wajen riƙo da 'yar rara, zaka ga ka tashi da wajen santimita 165 zuwa 175. Gajeren baka ya fi kyau a ido amma wahalar da icce ke sha ta fi yawa, mai koyo ya yi dogo kawai.

Yanzu aikin haƙurin. Ka samu katako ka kafa a bango ko jikin bishiya, ka ɗora tsakiyar bakan a samansa a kwance, ka ɗaura doguwar igiya sako-sako daga baki zuwa baki, ka rataya sikelin hannu irin na masu awon kaya a tsakiyar igiyar. Ja ƙasa kaɗan, ka ja baya ka duba, ko ka sa wani ya ɗauka da waya don ido yana yaudara. Inda ka ga ya sandare baya lanƙwasuwa ka sa alama da fensir ka kankare, inda ya fi lanƙwasuwa kar ka taɓa shi ko kaɗan, ka rage sauran wuraren har su kamo shi. In ka kankare sau goma sha, ka ja shi a hankali kamar sau ashirin talatin kafin ka sake dubawa don icce baya nuna abin da aka cire masa nan take. Haka zaka yi ta yi, kana ƙara nisan ja da inci ɗaya-ɗaya. Doka biyu: kar ka taɓa ja fiye da nauyin da kake son ya tsaya a kai, kuma kar ka ƙara nisa alhali kana ganin gefe ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa. Mai koyo kilo 11 zuwa 14 ya ishe shi wlh, kar ka biye wa masu cewa sai mai ƙarfi, kafaɗa zaka ɓata kuma hannunka ba zai taɓa zama ba.

In an ɗaura tsirkiyar gaskiya, tazarar da ke tsakaninta da wajen riƙo ya zama kamar dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, wajen santimita 15. Kuma dan Allah kar ka ja ka saki babu kibiya, duk ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiyar cikin iccen yake komawa, yara suna son yin haka in sun samu baka a ajiye.

Shawarata ta ƙarshe wadda na san Baba ba lallai ya yarda ba, ka yi shi mai faɗi da ɗan shafe maimakon zagayayye kamar sanda. Faɗi yana raba wahalar, ko iccen da ba shi da kyau sosai zai iya jurewa. Turawan Ingila sun yi nasu dogo mai kauri ne saboda suna da wani icce da ake ce wa yew mai jure matsi, a jirgin ruwan yaƙinsu Mary Rose da ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982 an samu bakunkuna sama da 130, tsawonsu wajen mita 2. Mu bamu da wannan iccen.

Jikan_Sarkin_Baka:

Injiniya sannu da ƙoƙari, maganar baya da ciki gaskiya ce, tsofaffi ma sukan ce kar ƙarfe ya taɓa bayan baka duk da ba su yi mana bayanin dalili haka ba. Sikeli dai bamu san shi ba, a gwiwa ake dannawa a duba.

Amma zancen faɗi ban ƙi ba ban kuma karɓa duka ba. Namu zagayayye ne saboda aikin da aka yi shi dominsa. Maharbi cikin sarƙaƙiya yake shiga da rarrafe, baka mai faɗi da tsawon mutum sai ya riƙa sarƙewa, kuma ba daga nesa yake harbi ba, sanɗa yake har sai ya matso dab. Ka duba kibiyarmu ma, ƙyauro ne gajere da kan ƙarfe mai kunne da maƙeri ya ƙera, a ɗaure wuyan da jijiya don kar ya tsage, kuma babu gashin tsuntsu a gindinta irin na Turawa. Mutane na ganin kamar rashin sani ne, alhali nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke jan ta ta tafi a miƙe a ɗan nisan da ake buƙata. Sauran aikin ba ƙarfin baka ke yi ba, dafi ne. Shi yasa ba a damu da sai ta nutse sosai ba, ta dai shiga, kunnen ya hana ta fita.

To shi ɗan uwanmu tunda buhu zai riƙa harbi a fili, ba laifi ya bi naka, ya ma sa gashin in yana son nisa. Amma kar a ce namu kuskure ne aka gyara.

Injiniya_Bash:

A'a ranka ya daɗe ban ce kuskure bane, na yarda. A gasar Olamfik mita 70 ake harbi shi yasa kayansu daban. Gashin zabo ko na talotalo yana yi, guda uku, amma duk daga fiffike ɗaya za a ciro don su kwanta gefe guda.

Basakkwace:

Ku dakata in sa baki, don ina ganin yaran yanzu sun ɗauka baka kayan 'yan tauri ne da masu gadin unguwa. Ku koma tarihin jihadi. Ranar Tabkin Kwatto a 1804, kusa da Gudu, Sarkin Gobir Yunfa ya taho da dawaki masu lifidi da Buzaye masu taimaka mai, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu 'yan kaɗan ne, Abdullahi ɗan Fodiyo na jagorantarsu. Mi ya tsai da dawakin nan? Maharba ne, mafi yawansu Fulani makiyaya da sunka saba da baka tun suna yara wajen tsaron dukiya. Doki in kibiya ta same shi ba ya sauraren linzami, shi da kansa ka watsa sahun da ke bayansa. Har zuwan Nasara ba a aje baka ba, a Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, babban hafsan da ya jagoranci sojan Ingila, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ta kashe shi, ga su da bindigogi masu aman wuta.

Kuma tunda mai tambaya ya ambaci sunna, hadisin Uƙba ɗan Amir na cikin Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya karanta ayar tanadin ƙarfi a kan mumbari yace ku saurara ƙarfi shi ne harbi, har sau uku. Ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas wanda shi ne farkon wanda ya harba kibiya don ɗaukaka addini, ga maharba 50 da anka aje kan tudu ranar Uhudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, kowa ya san abin da ya biyo baya da mafi yawansu sunka sauko. Abin da ke ban haushi shi ne muna da wannan duka amma sai Turkiyya ce ke ta raya nasu da bukukuwa da makarantu, mu kuwa sarautar Sarkin Baka ta koma sai ranar hawan sallah a fito da kwari a kafaɗa a yi hoto.

Jikan_Sarkin_Baka:

Hoton ma Allah ya sa bakan da ke hannun yana da tsirkiya, Malam. Amma a yi mana adalci, a Adamawa da Borno maharba sun fito sun yi aikin tsaron garuruwansu a shekarun nan, ba hoto kaɗai ba.

Abba_Sharp:

Baba to shi dafin ya ake haɗawa? Don ilimi kawai nake tambaya 👀

Jikan_Sarkin_Baka:

Yaro wannan ba a rubuta shi a waya. Kowa ya san sunan kwankwani, har likitocin Turai sun ciri maganin zuciya daga danginsa don kai tsaye zuciya yake taɓawa, iyakar abin da zan ce kenan. A gidanmu ma ba kowane ɗa ake nuna wa ba, kuma wanda ke da ƙujewa a yatsa baya zuwa kusa. In kun gaji tsohon kwari a gida kar ku ce ai ya daɗe ya mutu, baƙin abin nan da ke wuyan kibiya yana shekaru da ƙarfinsa, a ɗaga shi inda yara basa kaiwa.

Na_Maradi:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Maraɗi. Naga kowa ya manta da tambayar tsirkiya. Nan wajenmu da fata ake yi, ɗanyar fata wadda ba a jeme ba, ta akuya ko ta gada in an samu. A jiƙa ta a kankare gashin, a yanka ta zagaye-zagaye tun daga gefe har tsakiya yadda zata fito dogon zare ɗaya ba haɗi, faɗin bai kai ƙaramin yatsa ba, sai a murɗa ta tana da laima a rataya a reshe a ɗaura dutse a ƙasa ta bushe a miƙe. In ta bushe a murje ta da mai. Tana da ƙarfi ƙwarai, matsalarta guda damina, da ta ji sanyin ruwa sai ta saki, dole a riƙa ƙara ɗaurewa, shi yasa baki ɗaya ake masa ɗaurin da za a iya kwancewa.

In baka son wahalar fata, ka sayi zaren masu ɗinkin takalmi mai kakin nan, ka jera shi silli goma sha biyu ko sama, ka raba biyu ka tufke kamar igiya, ka naɗe tsakiyar da wani zaren inda gindin kibiya ke zama. Zai ɗan miƙe a farko sannan ya tsaya. Rama ma ana yi amma tana saurin cinyewa. Gwajin shi ne ka rataya mata abin da ya ninka ƙarfin bakan sau huɗu, in bata tsinke ba ta yi, don tsinkewar tsirkiya daidai yake da sakin baka ba kibiya.

In ka gama harbi ka kwance ta, kar ka bar baka a ɗaure ya kwana, kuma kar ka jingine shi a tsaye a lungu ko ka barshi cikin mota a rana. Ka ɗaura wani ƙyalle mai kauri ko fata a hannun hagu don dukan tsirkiya na sa jini ya kwanta. Sannan yadda zamani ya zama, kar ka ratayo kwari ka bi titi haka kawai, ka sanar da mai unguwa da 'yan sintirin wajenku inda kake atisaye, bayan buhun kuma ya zama bango ne ko tudu, ba hanyar da awaki da yara ke bi ba.

Dan_Tudun_Wada:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma Baba, Injiniya da kowa da kowa Allah ya bar zumunci. Na yi magana da wani mai kawo itace daga ƙauye yace dargaza ba wuya zai saro min guda huɗu. Amma gsky jiran shekara akwai wuya, ba wata dabara da zan fara da ita kafin nan? Akwai wata tsohuwar gora a gidanmu da ake kakkaɓe yana da ita, ta fi shekara biyar.

Injiniya_Bash:

Goran ta yi in ba ƙwaro, buga ta a ƙasa ka gani ko gari zai zubo. In lafiya take ka tsaga ta biyu, gefen ɓawon shi ne baya, kar ka kankare gaɓoɓin ta waje. Zata baka mara ƙarfi amma ya isa ka koyi tsayuwa da saki. Dargazar kuma ka ɗauki guda ɗaya tun tana ɗanya ka rage ta kusa da siffar baka ba tare da ka lanƙwasa ba, ka toshe bakin, ka ɗaure jikin katako, siririn icce ya fi saurin bushewa, da iskar hunturu wata biyu ma zai iya isa. Ka riƙa ɗora ta a sikeli duk sati, ranar da nauyin ya daina raguwa sati biyu a jere sai ka fara karta. Sauran ukun ka soke su a rufi yadda Baba yace.